Jarka a Cikin Buhu

Malumfashi,
Jihar Katsina.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe wannan takarda ka riga ka sauka Zariya lafiya, ba tsoro a hanya, ba ɓacin mota. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ka nufa. Na sa takardar ƙarƙashin ledar ƙuli-ƙuli ne don na san nan hannunka zai fara zuwa.

Na zaɓi in rubuta maimakon in kira ka a waya saboda na san halinka. A waya "to Inna, to Inna" za ka yi ta ce mini, in aka tambaye ka daga baya me na ce, ko rabi ba za ka kawo ba. Ni ma na san halina, duk maganar da na fara da baki da faɗa nake ƙare ta. Takarda kuwa ba ta ɗaga murya, kuma kana iya sake karantawa in ka huce.

Ranar Juma'a ka tsaya a bakin rumfar inji ina cikin markaɗen wake, ka ce, "Inna, mutanen kamfanin nan in sun tambaye ni maganar kotu, in faɗa?" Na watsa maka harara na ce ba ka ga mutane ba ne. Ka juya ka tafi, ba ka sake tayar da zancen ba. To ga amsarka: ka faɗa. In sun tambaya ka faɗa. In ma ba su tambaya ba, ka nemi wanda ke da ikon ɗaukarka ka faɗa masa kafin ka karɓi aikin. Ni ce na hana ka faɗa a baya, na kuma ga abin da hanin nan ya jawo mana, saboda haka ina da bakin magana.

Aikin da kake nema, yadda ka yi mini bayani, na kula da taraktocin kamfanin iri ne da man da ake zuba musu. Wato makullin ɗakin mai za su damƙa maka. Kai kuma abin da ya taɓa kai ka gaban alƙali mai ne. Duk wanda ya ji wannan daga bakin wani bayan ya ba ka makulli, ba zai tsaya tambayar jarka nawa ce ko ta mece ce ba. Sallamarka zai yi, kuma wannan karon sunanka zai ɓaci a garin da ba ka da kawu, ba ka da mai unguwar da zai tsaya maka.

Ka san labarin, tunda kai aka kama. Amma ba ka taɓa jin sa a jere daga bakina ba, kuma ina so ka ji, don in ka zo faɗa kada ka ƙara, kada ka rage.

Lokacin da gwamnati ta hana sayar da fetur a jarka saboda masu kai wa ɓarayin daji, ni ban ɗauki dokar a bakin komai ba. A ganina doka ce ta mutanen daji da masu yi musu aike, ba ta matar da ke markaɗa wa unguwa wake da gero ba. A makon da abin ya faru kuwa ana biki a layinmu, bokitai sun jeru tun daga bakin inji har zaure, ga waken masu ƙosai ya jiƙa, in ya wuce lokacinsa tsami zai yi. Inji ya tsaya, ba ko ɗigon mai. Kai ka kawo shawara mai kyau, ka ce bari ka cika tankin babur a gidan mai ka zo mu zuƙe da tiyo, yadda sauran masu inji suke yi. Na ce sawu nawa za ka yi, ga layin gidan mai, kafin ka dawo waken mutane ya lalace. Na ɗauko jarkata rawaya ta man gyaɗa na ce ka tafi wurin wani ɗan bumburutu da na sani a hanyar Gozaki.

Ka ce, "Inna, an fa hana."

Na ce, "Wa zai dube ka ya ce kai ɗan daji ne? Kowa a garin nan ya san ɗan Rabi mai markaɗe."

Sai na yi dabarar da nake ganin babu kamarta. Na ɗauko buhun taki na zura jarkar a ciki, na ce in an cika ta ka mayar, ka ɗaure bakin da igiya don kada a gani. Nasiru, buhun nan ya cuce mu fiye da man. Kawunka Sale ya gaya mini abin da jami'in da ya tare ka a shinge ya ce masa: da jarkar a fili take a bayan babur, wataƙila faɗa zai yi maka ya karɓe ta ka wuce, amma wanda ya naɗe mai a buhu ya san abin da yake yi. Har yau ban ga laifin mutumin nan ba. A lokacin ana ɗauke mutane a gonakinsu, kuma da fetur baburan ɓarayin suke tafiya. Shi aikinsa ya yi.

Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, ranar nan kai ke da gaskiya, ni ke da murya, sai murya ta yi rinjaye. A wurin aiki za ka sake haɗuwa da irina. Wani babba zai ce ka ɗan tsiyaya masa dizal a motarsa, gobe zai mayar, ko ya ce ka rubuta an zuba wa tarakta abin da ba a zuba ba, ya ce ai kowa ya san shi. Ka ce masa a'a cikin ladabi, ka tsaya a kan a'arka. In ya yi fushi, fushinsa zai wuce. Ni da na haife ka, da ka ƙi ni a ranar, faɗan wuni ɗaya zan yi, da daddare in zuba maka tuwo.

Da aka ce za a kai ka gaban alƙali, sai na sake yin wani wayon. Na aika Kawunka Sale ya ce maka duk abin da aka karanto ka amsa, a yanka tara mu biya mu tafi gida. Ni a tunanina kotu kamar ƙofar mai unguwa ce. A unguwa in akuyarka ta shiga gonar wani, sai a je gaban mai unguwa, ka biya ɓarna, a yi musabaha, magana ta mutu, badi ma ku haɗu a sunan juna. Ban san cewa abin da aka yanke a kotu rubuta shi ake yi ba, kuma yana nan yana jiran ranar da mutum zai nemi aiki. Ba cewa nake yi da ka musanta ba, ai ka ɗauko man. Cewa nake da na nemi wanda ya san shari'a ya tsaya kusa da kai, da an yi wa alƙali bayanin inji da bokitan wake, ko ba a fasa tarar ba, an ji dalili. Gaggawar in ga ka fito ta hana ni tambayar kowa. Saboda haka duk takardar da za a miƙo maka a kamfanin nan, ka karanta ta har ƙasa kafin ka sa hannu, abin da ba ka gane ba ka tambaya. Tambaya ba ƙauyanci ba ce.

Akwai abin da ka yi a kotun nan da ban taɓa yi maka maganarsa ba. Ina zaune a waje gindin bishiya, Kawunka ya fito ya ce alƙali ya tambaye ka wa ya aike ka, ka ce babu kowa, kai ka ga dama. Na ji daɗi, na kuma ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na ja mayafi na rufe fuskata. Na gode maka, Allah Ya yi maka albarka. Amma zan dawo kan wannan a ƙasa, don rufin asirin nan ya isa haka.

Kwanakin da kake tsare, duk wadda ta kawo markaɗe ta tambaya ina Nasiru, sai in ce ka tafi Musawa wurin gwaggonka. Na faɗa har bakina ya saba. Da ka dawo na ja maka kunne, na ce maganar nan ta mutu, ko abokinka kada ka gaya wa. Ina ganin na tsare maka mutunci. Ashe fili na bar wa kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Labarin ya fita daga gidanmu yana jarka ɗaya ta injin markaɗe, kafin ya kai bakin kasuwa ya zama wai kai wa mutanen daji mai kake yi.

Ka tuna Alhajin nan na Funtuwa mai sayen masara da waken soya, wanda ya ɗauke ka kula da sito bayan ka gama difloma. Ana gobe za ka je wurinsa ka yi mini irin tambayar da ka yi ranar Juma'a, na ce in ka kuskura ka faɗa ban yafe ba. Ka je, ya tambaye ka ko ka taɓa samun matsala da hukuma, ka ce a'a. Abin da na manta shi ne, mutanenmu ba sa ba mutum makullin sito sai sun yi bincike irin na aure. Ya turo mutum unguwarmu, mutumin ya zauna wurin mai shayi, ya sha shayi ya kwashi labarin bakin kasuwa ya koma da shi. Ba ka yi wata a sito ba aka sallame ka. Ka dawo gida ka shiga ɗaki, ka daina zama majalisa, abinci ma sai na yi da gaske kake ci. Babu abin da ya taɓa ƙona mini rai kamar ganinka a haka.

Ba ka san na je Funtuwa ba. Na ce maka gyaɗa zan saro, amma gidan Alhaji na nufa, a fusace, na shirya maganganun da zan zazzaga masa tun daga tasha. Na shiga wurin matarsa, ta ba ni ruwa, ta aika aka kira shi. Yana zama na fara. Na ce an zalunci maraya, na ce ƙarya aka yi maka, na ce jarka ɗaya ce kuma ni na aike ka. Ya bar ni na gama tsaf.

Sai ya ce, "Hajiya, na yarda da ke. Tun da aka kawo mini maganar daji ban gaskata ba, yaron nan ba shi da wannan idon. Jarka kuwa, a lokacin nan wa bai nemi mai ta bayan gida ba? Da ya gaya mini, dariya za mu yi in ba shi makulli."

Na ce, "To Alhaji, me ya kawo kora?"

Ya ce, "Na tambaye shi ido da ido, ya ce mini a'a. Gobe in na tambaye shi buhu nawa ya fita daga sito, da wane baki zai ba ni amsa in yarda?"

Ka san ni, ba a cika rufe mini baki ba. Ranar nan kuwa sai na sauko. Na ce masa ni na sa ka ka ce a'a, ya ce ya sani, amma ba ni zai ɗauka aiki ba. Na yi masa sallama na fito. A mota ina tahowa na gane cewa abin da na yi maka a wurin Alhaji shi ne abin da na yi wa jarka: na ɗauki ƙaramin abu na sa a buhu, duk wanda ya kwance ya ga ya fi ƙarfin yadda yake.

Yanzu bari in gaya maka yadda za ka faɗa, don faɗar ma tana da hanya. Kada ka shiga kana sunkuyar da kai kamar wanda ya zo roƙon gafara. Hukunci an yanke, tara an biya, ba ka bin kowa, kowa ba ya binka. Ka gaishe su, ka bar su su fara tambayarka abin da ka iya, ka nuna musu ka san tarakta, ka san gona. In an zo kan maganar, ko ka ga za a tashi ba a zo ba, sai ka ce akwai abin da kake so su ji daga bakinka. Ka ce a lokacin dokar hana fetur a jarka an kama ka da jarka ɗaya ta injin markaɗen gidanku, kotu ta ci ka tara, ka biya, kuma tun daga ranar ba ka sake taka doka ba. Shi ke nan, ka yi shiru. Na san ka da dogon bayani in ka tsorata, kana fara kawo labarin kakanninka. Kada ka yi ta rantse-rantse, yawan rantsuwa yana sa a yi zargi. Kada ka zagi jami'in da ya kama ka, kada ka ce sharri aka yi maka, don ba sharri ba ne. Kada kuma ka laɓe bayan ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ita ta ɗaure bakin buhu ba.

Kwafin hukuncin da Kawunka ya karɓo daga kotu yana cikin jakarka tare da takardun makaranta. In sun nemi gani ka miƙa, su karanta da idonsu su ga babu maganar daji a ciki. Mai unguwa da liman duk na je na same su, sun ce a ba da sunansu, duk wanda ya tambaya za su faɗi abin da suka sani game da kai. Sai dai ba kowa za ka tare da labarin ba. Mai gadi da masu jiran layi tare da kai ba ruwansu. Wanda zai ba ka makulli shi ke da haƙƙin ji, kuma ya ji tun kafin ya bayar.

Kada ka ce ina tura ka yin abin da ni ban iya ba. Na riga ka farawa. Ranar Asabar da mata suka taru a bakin inji, na kashe shi da gangan, na ce ina da magana. Na ce musu shekarun baya da na ce Nasiru ya tafi Musawa, ba Musawa ya je ba, yana hannun hukuma ne, kuma ni na aike shi da jarka. Ina jira in ga an riƙe baki. Sai Ladidi mai ƙosai ta kwashe da dariya har da tafa hannu.

Ta ce, "Haba Rabi, waken wa ya yi tsami ranar nan? Ai tun kafin la'asar muka sani. Da muka ji kin ce Musawa ne muka ce to, lalle abin ya wuce jarka."

Ka ji fa. Shekara da shekaru ina gadin ƙofar da babu ƙyaure. Na tayar da inji muka ci gaba da markaɗe, kuma tun ranar nake jin wuyana sakayau, ina duban kowa a ido.

Saura maganar da na ce zan dawo kanta. In sun tambaye ka wa ya aike ka da jarkar, ka ce mahaifiyarka. Na sauke maka wannan kayan, ba na so ka ƙara ɗaukar mini shi ko taki ɗaya. Ba don ka tsira da sunana ba, a'a, ka ce kai ka ɗauko kuma ka san an hana. Amma in an nemi dalili, ka faɗi dalilin yadda yake. In suna son ji daga bakina ka ba su lambata, ka ce su kira bayan azahar, lokacin na kashe inji, in ba haka ba ko ni ko su babu mai jin wani.

Ba zan yi maka alkawarin za su ɗauke ka ba, wannan yana hannun Allah. Amma raina yana ba ni za su ɗauka, don mai neman wanda zai riƙe masa ɗakin mai, abin da yake nema shi ne mutumin da zai gaya masa magana marar daɗi ba tare da an matsa shi ba, kai kuma da ita za ka buɗe. In sun ɗauke ka bayan sun ji, za ka yi aikinka ba ka waige, duk baƙon da ya shigo daga Malumfashi sai ka tare shi da fara'a, ba faɗuwar gaba. In kuma sun ƙi, to sun ƙi ka ne a kan jarka ɗaya, ba a kan ƙarya ba, kuma kamfani ba ɗaya ba ne a ƙasar nan.

Ka riƙe salla a kan lokaci, ka gaishe da wanda ya ba ka masauki, ka taya shi abin da ka ga yana yi. Ka sa farar shaddar nan, na goge ta da kaina, kada ka sa wannan takalmin da bakinsa ya buɗe. Allah Ya ba ka sa'a, Ya sanya maka kwarjini, Ya daidaita harshenka a gabansu. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya kai haske kabarinsa. Allah Ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya dawo mini da kai lafiya.

In abin bai yiwu ba, kada ka tsaya tasha kana jiran duhu ya yi. Ka shigo unguwa da rana tsaka, jakarka a kafaɗa, ka biyo ta bakin inji. Duk wadda ta tambaye ni ina ka je, zan ce Zariya ka je neman aiki, ka faɗi gaskiya, ba su ɗauka ba. Ba zan sake cewa ka tafi Musawa ba.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Rabi mai markaɗe.